Ranar da Aka Soya Farce a Gidanmu

Da aka sa ranar auren yayata, Inna ta ce ba za a kai 'yarta ɗaki da turaren kanti kaɗai ba. Ta aika wa wata Hajiya 'yar Barno da ke unguwarmu a Kano, wadda ake kawo wa kayan haɗi daga Monday Market ta Maiduguri. Ta iso da ƙulle-ƙulle: icen hawi, gab-gab, sandal, kajiji, kanumfari da farce.

Farcen nan ya fi tsaya mini a rai. Murfin bakin wani dodon-koɗi ne na teku, da fatake ke kawowa daga Bahar Maliya ta Sudan da Cadi. Da ta jiƙa shi, sai ƙarni ya cika tsakar gida. Na toshe hanci na ce, "Hajiya, wannan za a shafa wa amarya?" Ta ce, "'Yata, shi ke riƙe ƙamshi a jiki. Zauna ki kankare." Muka kankare ragowar naman da ke maƙale, muka yi ta wankewa, aka shanya, sannan ta soya shi har ya yi ƙamas, ta daka. Warin ya tafi. Don haɗa humra, garin ta zuba a kwalabe da sandal da almiski da ruwan turaruka, har da Bint El Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Landan ya fara yi a 1920, ta toshe bakinsu ta ce kada kowa ya taɓa sai humrar ta tsumu.

Turaren wuta bai ɗauki lokaci ba: ta narka sukari, ta juye icen a ciki tana gaurayawa, ta sauke, ta bi shi da turare.

Har yau ina ganin mata masu haɗa turare gwanaye ne da ba a ba su haƙƙinsu ba. Ba ma'auni a hannun Hajiya, hanci kawai, amma ta san na tsuguno, ta san na ɗaki, ta san na tufafi.

Ana gobe kai amarya muka kifa kabbasa a kan kasko, muka yi ta turara zannuwan lefe ɗaya bayan ɗaya har bayan isha'i. Hayaƙin ya haura katanga, maƙwabta suka riƙa aiko yara da kwalabe a sam musu. Inna ta ba kowa, sai kajijin kawai ta hana, ta ce na jego ne.