Hunturun Ƙanƙara da Gyaran Tsofaffin Kujeru

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga fiyayyen halitta, ina so in yi magana da 'yan'uwa magidanta a kan wata tambaya da ke taso mana kowace shekara a nan Montreal: me mutum zai yi da kansa a watannin da ƙanƙara ta rufe hanya?

Wanda ya tashi a Zebilla, a jihar Gabas ta Sama ta ƙasar Gana, ya san hunturu irin namu: iska mai ƙura daga Sahara, leɓe ya tsage, kaushi ya fito, a shafa man kaɗanya a fita kasuwa. Hunturun Kebek dabam yake. Dusar ƙanƙarar da ke sauka a wannan birni takan kai kimanin mita 2 a shekara, kuma a Fabrairun 2025 an samu fiye da santimita 70 cikin kwana huɗu. A ƙarshen Disamba rana kan faɗi da ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, ta yadda Azahar da La'asar da Magariba suke zuwa kusa da juna, sai dogon dare ya biyo baya. A wannan dare ne kewar gida take kama mutum, zuciya ta yi nauyi, magana kaɗan ta zama faɗa tsakanin miji da mata.

Ni abin da Allah Ya ba ni na riƙe shi ne gyaran tsofaffin kayan katako. A nan akasarin yarjejeniyar haya tana ƙarewa ranar 30 ga Yuni, saboda haka ranar 1 ga Yuli gari yakan cika da masu ƙaura, a bar kujeru da tebura da kabad a bakin titi. Da yawansu katako ne na gaske, wasu ma na itacen nan da ganyensa ke kan tutar Kanada, ƙafa ɗaya ce kawai ta saki. Nakan zaɓi uku ko huɗu, in duba su da kyau saboda kuɗin cizo, in ajiye a ɗakin ƙasa har sanyi ya shigo.

Akwai dalilin jira. Katako yana shan laimar iska ya kumbura, idan iska ta bushe ya tsuke. Kafintocin Bawku sun san haka, domin ƙofar da ke cijewa da damina ita ce ke yin sako-sako da hunturu. Na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iskar gida kamar yadda iskar Sahara ke yi, don haka a Janairu kowace mahaɗa mai rauni takan bayyana kanta. Idan aka kwance ta a lokacin, aka kankare tsohon gam, aka sa sabo aka ɗaure, to laimar bazara sai dai ta ƙara matse ta. Amma durowa a bar mata 'yar tazara, in ba haka ba a Yuli za ta ƙi buɗuwa.

Ga wanda yake son gwadawa, ina da nasiha uku. Ta farko, gam na katako ba ya kamawa sosai a wurin da sanyi ya yi ƙasa da digiri 10, saboda haka ba a wannan aiki a garejin da ba a ɗumama shi. Ta biyu, fentin da aka yi kafin 1960 sau da yawa yana ɗauke da dalma, ƙurarsa kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar ƙananan yara da mai juna biyu. Kada a goge shi a bushe cikin gida. Ta uku, banish da maganin cire fenti suna buƙatar iska, kuma taga a rufe take da hunturu, don haka a jinkirta su zuwa Mayu. Tsumman da aka shafa man katako da shi kuwa a shanya shi a buɗe, domin idan aka dunƙule shi yana iya kama wuta da kansa.

Wani ɗan'uwa ya taɓa ce mini bai dace ɗan liman ya riƙa ɗaukar abin da wasu suka zubar ba. Na amsa masa da cewa a gidan da na tashi, allon da ya tsage ɗaure shi ake yi, ba a jefarwa. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan gyara takalminsa ya ɗinke tufarsa da hannunsa. Suratul A'araf kuma ta hana mu almubazzaranci. In akwai abin kunya, yana ga wanda ya ci bashi da ruwa don ya sayi kujerar da ba za ta shekara biyar ba.

Kayan da na gama ba sa zama a wurina. Kowace shekara ana samun baƙi, ɗalibai da sababbin iyalai daga Nijar da Gana da Togo, waɗanda ke shiga gidan haya babu ko tebur da yara za su yi karatu a kai. Da tsohuwar zuma ake magani. Tebur mai shekara sittin da aka gyara ya fi sabon da aka yi da garin katako ƙarko.

Ina kira ga iyaye maza da su ja 'ya'yansu a jiki cikin waɗannan darare, su koya musu riƙe guduma da zarto, ko wata sana'ar hannu da suka gada. Yaron da ya ga kujera ta tashi a hannunsa zai san darajar abu, ya kuma koyi haƙurin jiran gam ya bushe. Allah Ya sa albarka a lokutanmu, Ya fitar da mu wannan hunturu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.

Wassalamu alaikum.