Lissafin kaska a gefen dajin Sunke

Idan damina ta kankama a ƙasar Anka, makiyayin da ke gefen dajin Sunke yakan fara duba hantsar saniyarsa da ƙarƙashin wutsiyarta, domin a nan kaska ke taruwa. Sai ya dama magani a famfon feshin gona, ya feshe garke, washegari kaska ta zube. Bayan mako biyu ta dawo, ya ce an sayar masa da jabu.

Wani lokaci jabun ne. Amma galibi matsalar ta lissafin kwanaki ce. Kaskar da ke jikin dabba kaɗan ce. Mafi yawanta na cikin ciyawa, ƙwai da 'ya'ya, inda feshi ba ya kaiwa.

Kuma kaska ba iri ɗaya ba ce. Ƙaramar takan yi kusan kwana 21 a jikin saniya guda, har ta ƙoshi da jini ta faɗo ta zuba dubban ƙwai. Feshi duk mako biyu zuwa uku yana riskar ta kafin ta faɗo. Babbar mai zane a baya, wadda ke buɗe wa ciwon kirci ƙofa, ta fi wayo: 'ya'yanta na girma a jikin awaki da tsuntsayen ƙasa irin su zabi, macen kuma ba ta cika yin mako biyu a jikin saniya ba. Mai feshi sau ɗaya a wata yana ba ta damar ci, ta sauka, ta hayayyafa tsakanin wanka da wanka.

To, a riƙa feshi kowane mako ke nan, rani da damina? Nan ma akwai tarko. Yawan maimaita magani guda, musamman idan an tsinka shi da ruwa don ya ishi garke, yana kashe raunana ya bar masu juriya, su ne kuma za su haifi na baɗi. Ɗan maraƙin da kaska ba ta taɓa ciza ba kuwa yakan tashi ba shi da garkuwar cututtukan da take ɗauke da su. A Zimbabuwe an tilasta wankan shanu tun 1914. Da yaƙin neman 'yanci ya katse shi a shekarun 1970, shanu kusan miliyan guda suka mutu.

Wannan labari ya shafi Anka da Bukkuyum da Gummi, inda rashin tsaro kan hana makiyayi zuwa kasuwa makonni a jere. Kwalba ɗaya da ke hannunsa ta fi amfani a farkon damina, lokacin da manyan kaska ke fitowa, a kan cikakken ma'auni. Da rani, cirewa da hannu a lokacin tatsar safe yakan wadatar.