Waiwaye: Zamanin da Muke Rataye Modem a Taga

Har yau akwai wata ƙusa a jikin tagar ɗakin soro na gidanmu, ta ɓangaren gabas. Yaran gidan sun ɗauka ta rataye carbi ce ko makulli. Ni na kafa ta da hannuna a 2010, kuma abin da ake ratayawa a jikinta shi ne modem, wani farin abu da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, mai murfi a ka da layin waya a ciki. A duk faɗin gidan, a wannan taga kaɗai sabis ke zama daram. Sai na sayo doguwar waya, na jona bakinta ɗaya a kwamfuta, ɗayan kuma na rataye shi can sama da modem ɗin. Ta nan labarin duniya ya riƙa shigo mana har tsawon shekara huɗu.

Wanda ya tashi ya tarar da intanet a tafin hannunsa zai yi wuya ya gane abin da wannan ɗan abu ya zame mana. A watan Agustan 2001 ne Econet da MTN suka fara aikin wayar salula a Nijeriya, ana biyan naira 50 a kan kowane minti, ko da gaisuwar daƙiƙa goma mutum ya yi. Da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sai muka fara gane cewa yadda ake ƙirga kuɗi ma wani ilimi ne mai zaman kansa. Intanet kuwa sai an je kafe. Ka biya kuɗin awa ɗaya a ba ka 'yar takarda mai lambobi, ka zauna agogo na ƙirga maka a saman allo, shafi bai gama buɗewa ba minti biyar sun tafi. Ɗalibai masu neman araha kan kwana a can, a kulle ƙofa da daddare sai an yi kiran assalatu.

Na fara ganin intanet ɗin da ake yawo da shi ne a hannun wani ɗan jarida. Nasa kati ne mai faɗi kamar na banki amma ya fi kauri, ana zura shi a wata kafa da ke gefen laftof, ɗan eriyarsa na leƙowa waje. A lokacin kamfanoni irin su Starcomms da Multi-Links, daga baya kuma Visafone, su ke tashe a wannan fanni. A 2007 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba da lasisin 3G, sai manyan kamfanonin salula suka shigo da nasu modem ɗin na sokawa, akasari ƙirar Huawei da ZTE. A 2010 wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki daga Legas, farashi ya soma sassautowa, har irinmu masu ƙaramin albashi muka fara sa rai.

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano na sayi nawa. Mai shagon saurayi ne da bai kai ni shekaru ba, amma ban manta karatun da ya ɗora mini a tsaye ba. Da na miƙa kuɗi zan juya, sai ya ce, "Malam, dakata tukuna. Wannan abin ba a tafiya da shi sai an san abu uku: nawa aka ba ka, zuwa yaushe, kuma me zai faru in ya ƙare." Ya jawo takardar kamfanin ya shimfiɗa a kan gilashin kanta, yana bi da bakin biro. Wani tsarin na awoyi ne, ana ƙirga zamanka ko kana aiki ko kana gyangyaɗi. Wani na megabayit ne, ana ƙirga nauyin abin da ka sauke da wanda ka tura. Akwai na rana, akwai na dare mai rahusa. Kowanne kuma yana da wa'adi, yawanci kwana 30. "Data da wa'adi tsere suke yi," in ji shi, "duk wanda ya riga kaiwa, shi ke nan. In kwana talatin sun cika, ko rabi ba ka ci ba, ta tafi."

Shi ne kuma ya gaya mini cewa modem ɗin a kulle yake, layin kamfaninsa kawai yake karɓa. Masu gyara a kasuwar kan duba wata lamba mai alƙaluma 15 da ke jikinsa, su fitar da mabuɗi, daga nan ya karɓi kowane layi. Shi ya sa za ka ga mutum da layuka uku a cikin kwalin ashana, yana canzawa gwargwadon unguwar da ya tsinci kansa.

Modem yana magana da 'yar fitilarsa. In tana ƙyaftawa, bai haɗu ba tukuna. In ta tsaya kore, ka san 2G ka samu, sai haƙuri, hoto ɗaya zai riƙa saukowa daga sama kamar ana warware tabarma. In ta koma shuɗiya, 3G ta zo, sai ka ji wani sanyi a zuciya. A jikin kwalin an rubuta 7.2 Mbps, na daɗe ina zaton megabayit bakwai zan riƙa saukewa a kowace daƙiƙa. Wani malamin kwamfuta ne ya warware mini: gudu da bit ake auna shi, data kuwa da bayit ake sayar da ita, kuma bit 8 ne ke yin bayit ɗaya. In ka raba, abin bai kai megabayit ɗaya a daƙiƙa ba, shi ma sai in kai kaɗai ne a kan turken sabis. Da yake duk unguwa turke ɗaya muke rabawa, da magariba abin ya yi nauyi, bayan sha biyun dare ya sake jiki. Nan na gane dalilin arahar tsarin dare: hanya ce da babu kowa a kanta ake sayar mana.

Darasi na uku, wato abin da zai faru in data ta ƙare, sai da na ɗanɗana kafin ya zauna mini. Wani dare na loda katin da na yi niyyar sabunta tsarin wata da shi washegari, na bar modem a jone na kwanta. Ashe datar ta ƙare tun tsakar dare, kwamfuta kuma tana can tana sabunta manhajojinta, sai lissafi ya koma kan kuɗin katin, ana cira kilobayit-kilobayit a farashin da ya ninka na tsari sau da yawa. Da gari ya waye babu ko kwabo. Na koma kan takardar nan, sai ga sharaɗin a rubuce da ƙananan haruffa a can ƙasa. Rashin sani ya fi dare duhu. Tun daga ranar nake karanta ƙananan haruffa kafin manya. A nan na koyi cewa "mara iyaka" yana da iyakar da in ka kai za a rage maka gudu, datar kyauta kan riga ta saye mutuwa, kuma tsari kan sabunta kansa ya ciri kuɗi in ba ka hana shi ba.

Wannan lissafi ya sa mana tsari a rayuwa. Na ware ɗan littafi ina rubuta abin da na ci kowace rana. Mukan kashe hotuna a burawuza, mu rubuta wasiƙa tsaf kafin mu jona, mu tura, mu cire. Kafin a soka modem, mutum ya riga ya san abin da ya kai shi. Maƙwabta kan yi sallama bayan isha'i: wannan za a duba wa 'yarsa sakamakon WAEC da katin kankarewa, wancan rajistar JAMB, wani dattijo kuma so yake a buɗe masa shafin BBC Hausa a karanta masa abin da ya wuce shi a rediyo. Babu wanda aka taɓa karɓar kuɗinsa, amma sau da yawa washegari sai ka ga an aiko yaro da katin naira 200 ko kwanon fura.

Daren da ba zan manta ba shi ne wanda Inna ta ga autanta. Ƙanina yana karatu a Khartum, shekara biyu ba ta sa shi a ido ba. Na yi mako guda ina tattalin data saboda wannan dare. Muka shimfiɗa mata darduma a soro, fitila ta yi shuɗi, na buɗe Skype. Fuskarsa ta fito tana tsayawa tana motsi, murya na zuwa a makare. Inna ta matso da fuskarta dab da allo, ta kai hannu ta shafa gilashin. "Auta, kai ne? Ka rame. Ba sa ba ku abinci ne?" Ya yi dariya ya ce, "Inna, ina wuni? Lafiya lau nake, hoton ne kawai." Minti goma sha biyu suka yi kafin a ɗauke wuta batirin laftof ya mutu. Ta share ido da gefen mayafi, ta dubi ɗan abin da ke lilo a jikin ƙusa, ta ce, "Allah Ya yi wa wanda ya ƙago wannan albarka." Na ƙirga abin da kiran ya ci na rubuta a littafi, kuma ban taɓa kashe data a kan abin da ya fi wannan daraja ba.

Sannu a hankali wayoyin shafa suka mamaye kasuwa, kowace waya ta zama modem ɗin kanta. 4G ta zo, 5G ta biyo baya a 2022. MTN ta saye Visafone a 2016, Skype ma an rufe shi a 2025. Wasu daga cikin koke-kokenmu sun samu shiga: a 2018 NCC ta umarci kamfanoni su ba mutum kwana 14 bayan cikar wa'adi don ya sabunta tsari ragowar datarsa ta biyo shi, ta kuma hana a sabunta wa mutum tsari ba da yardarsa ba. Yau lamba ɗaya, *323#, ke nuna ragowar data a kowane layi, mai ƙorafin da kamfani bai share masa hawaye ba kuma yana iya kiran 622 kyauta.

Alhamdu lillahi da sauƙin da aka samu, ba na fatan 'ya'yanmu su koma jiran fitila ta yi shuɗi. Abin da nake kewa shi ne natsuwar wancan zamani, lokacin da gida guda ke taruwa a gaban allo ɗaya, kowa ya san abin da ya zo nema da abin da zai biya. Yanzu sai ka ji matashi na kukan datarsa ta ƙare cikin kwana uku, ka tambaye shi sharuɗɗan tsarin da ya saya, bai taɓa dubawa ba. 'Yan'uwa, tambayoyin mai shagon nan uku har gobe suna aiki. Kafin ku danna sayen data, ku san nawa aka ba ku, zuwa yaushe, da abin da zai faru in ta ƙare, ku kuma koya wa 'ya'yanku su riƙa tambaya.