Man Kaɗanya da Hazon Hunturu

Da asuba na shafa tagar ɗakina a Kano, yatsuna suka yi fari fat. Daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iskar hunturu ke kwaso wannan ƙura. Laushinta kamar gari, amma ita ke tsage leɓe, ta bar faso a dunduniya.

Kakata ba ta taɓa jin sunan Bodele ba. Ita dai da mun yi wanka da ruwan ɗumi, kafin jiki ya bushe take mulke mu da man kaɗanya, har bayan kunne. A lokacin na tsani warinsa. Yanzu hayaƙin A Daidaita Sahu ya haɗu da hazon. Kullum da dare sai na wanke fuska, na lakato man nan da kaina.