Yaushe Za a Busa Usur?

Tun ina aji uku na sakandare na gane cewa rabona a ƙafa yake. Ban iya taka leda ba, ban iya dambe ba, amma in aka ce a zagaya fili sau biyu, wato tseren mita 800, to sai dai a sha ƙurata. Da wannan ƙafa na shigo jami'a a nan Kudu, da ita kuma na yi abokai cikin Yarabawa da Ibo tun kafin bakina ya faɗa da irin Turancin Legas. Ya zuwa farkon shekarar 2020 ina aji uku, ina gama tseren cikin minti 1 da daƙiƙa 58. Mai horar da mu, wani dattijon Bayarabe da muke kira Baba Koci, ya riga ya faɗa a gaban jama'a cewa duk ranar da aka yi gasar wasannin jami'o'in Nijeriya, wato NUGA, ni zan riƙe wa jami'armu tuta a wannan tsere. In mai karatu bai taɓa gudu ba, da wuya ya san nauyin wannan magana. Ɗan tsere ba ya da shekaru masu yawa a hannunsa. Ganiyarsa kamar damina take, in ta wuce ba a kiranta ta dawo.

Ana nan sai ga annoba. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a ƙasar nan, wani Ba'italiye da ya sauka Legas. Kafin watan Maris ya ƙare an rufe makarantu, malaman jami'o'i kuma sun shiga yajin aiki, sa'an nan ranar 30 ga wata aka kulle Legas da Abuja. Gasar wasanni ta ƙasa da ake shirin yi a Jihar Edo a wannan watan ita ma aka ɗage ta. Na tattara takalmana na koma Agege wajen kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya shekara talatin yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Ciki da falo ne, shi da iyalinsa a ciki, ni da 'ya'yansa maza biyu a falo. Kawu ya haura sittin, kuma yana fama da ciwon sukari. Na roƙi mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

Cikin wannan zaman dirshan ne na soma bibiyar labarin ɗaliban Amurka a wayata. Ba don ƙaunar Amurka ba. Dalili shi ne a can kaɗai na ga ana ta da jijiyar wuya a kan tambayar da ke cina a rai, wato yaushe ɗalibai za su koma fili, kuma ta yaya. A nan gida babu wanda na ji ya yi ta, in ban da mu 'yan wasan a tsakaninmu.

Abin nasu ya ba ni mamaki ƙwarai. Ranar 12 ga Maris ƙungiyar wasannin jami'o'insu, NCAA, ta soke babbar gasar ƙwallon kwando ta maza, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka fara gasar a 1939. Sakamakon haka, kuɗin da aka shirya raba wa manyan jami'o'i ya faɗo daga dala miliyan 600 zuwa miliyan 225. Sai da na karanta wannan lissafi sau biyu. Ashe wasan ɗalibai a can kasuwa ce, kasuwar da ta fi ta su Kawu nesa ba kusa ba. Akwai jami'ar da filin ƙwallonta ke ɗaukar mutum fiye da dubu 100, ƙwallon nan tasu da ake runguma a ƙirji ana ture juna. Gidajen talbijin na zuba kuɗi, masu horarwa na karɓar miliyoyi, ɗalibin da ke zubar da gumin kuwa a wancan lokaci dokar ƙungiya ta hana a biya shi ladan wasa, sai dai a ɗauke masa kuɗin karatu da na abinci da makwanci.

Da farko maganar ta yi kama da ta hankali. A watan Mayu shugaban ƙungiyar, Mark Emmert, ya nuna cewa ba za a yi wasa ba a jami'ar da ba a buɗe wa sauran ɗalibai ba, tunda ɗan wasa ɗalibi ne kamar kowa. Rukunin tsofaffin jami'o'in nan da ake kira Ivy League, irin su Harvard da Yale, suka soke wasannin kakar tun ranar 8 ga Yuli. Ranar 11 ga Agusta manyan rukunai biyu, Big Ten da Pac-12, suka ce su ma sun ɗage, kuma cikin abin da ya tsorata su har da kumburin naman zuciya da likitoci suka ce cutar na iya barin wa wanda ya warke. Amma fa rukunan Kudancin ƙasar suka ce atafau sai sun yi. Iyaye suka yi zanga-zanga, 'yan siyasa suka tsoma baki, 'yan wasan kansu, ciki har da Trevor Lawrence na jami'ar Clemson wanda ya fi kowa suna a lokacin, suka fito suka ce suna son a bar su su yi wasa. Ba a cika mako shida ba, ranar 16 ga Satumba, Big Ten ta janye maganarta. Ta ce za a dawo a ƙarshen Oktoba, za a riƙa gwada 'yan wasa kullum, wanda aka samu da cutar kuma zai zauna aƙalla kwana 21 har sai an duba zuciyarsa.

Ban ga laifin Lawrence ba ko kaɗan, domin abin da ya faɗa shi ne a bakina. Hasali ma da maganarsa na kafa hujja. A watan Agusta na tara abokan gudu shida da ke zaune a Legas, na ce musu ga waɗanda suka fi mu ilimi da likitoci suna shirin komawa fili, mu me muke jira? Muka sami filin wata makarantar firamare, maigadin ya kau da kai, muka riƙa haɗuwa bayan sallar asuba. Da Baba Koci ya ji, sai ya kira ni a waya. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi kowa ya yi gudunsa shi kaɗai a titi, kada mu taru, kada mu sha ruwa a gora ɗaya. Na ce to. Washegari muka taru, muka kuma sha ruwa a gora ɗaya, don ita kaɗai muke da ita.

Abin da ban lissafa ba shi ne, na ɗauko rabin labarin Amurkawa ne na bar rabi. Na ɗauko “yaushe” na bar “ta yaya”. Su suna da gwaji kowace safiya, da likitan zuciya, da ɗakin da za a killace wanda ya kamu a kai masa abinci. Duk da haka ma ba su tsira ba: Lawrence kansa ya kamu a ƙarshen Oktoba, an soke wasanni da yawa, har karawar Michigan da Ohio State, wadda ba a taɓa fasa ta ba tun bayan 1917, ba a yi ta ba a wannan shekara. Mu kuwa gwaji ɗaya a ɗakin gwaji mai zaman kansa a Legas ya kai naira dubu 50, kuɗin da ya fi abin da nake ci a wata uku. Kuma ɗan wasan Amurka in ya bar fili ɗakinsa yake komawa. Ni falon Kawu nake komawa.

A mako na uku ɗaya daga cikinmu ya daina zuwa. Da na kira shi sai ya ce zazzaɓi ne, sa'an nan ya ƙara da wata magana cikin raha, wai matar yayansa tana soya manja a gabansa amma ba ya jin ƙamshin komai. Jikina ya yi sanyi. A daren nan ban iya cin tuwo ba. Bayan isha'i na sami Kawu a bakin ƙofa yana sauraron rediyo, na durƙusa na faɗa masa duk abin da nake yi da asuba, wanda shi a zatonsa gudu nake ni kaɗai.

Ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya rage muryar rediyon ya ce, “Yanzu wannan gudun, nawa ake ba ka?”

Na ce, “Ba a ba ni komai, Kawu.”

Ya ce, “To ni kullum ina cikin dubban mutane a kasuwa, na sani. Amma in ban je ba, gidan nan ba a ɗora tukunya. Kai in ba ka je ba, me zai faru?”

Ina da amsa, amma ba irin wadda ake faɗa wa mai ciyar da mutum tara ba ce. Ta yaya zan ce masa daƙiƙa biyu nake tsoron rasawa? Na sunkuyar da kai na ce, “Ku yi haƙuri, Kawu.”

Na kwashe tabarmata na koma wani ɗan shago da yake ajiye buhuna a bayan gida, na yi kwana 14 a ciki, ana ajiye mini kwano a bakin ƙofa. Har yau in na ji warin albasar da ta soma lalacewa sai gabana ya faɗi. A rana ta biyar na jiyo Kawu yana tari ta bayan bango. Na zauna a kan buhu ina ƙirga tarin, kamar yadda Baba Koci ke ƙirga mana daƙiƙoƙi, ina tunanin da wane baki zan yi wa mahaifiyata bayani. Ya yi kwana uku yana tarin, ya sha citta da lemun tsami, ya warware. Ko mura ce, ko ƙurar kasuwa, ko kuwa abin da na kawo ne, babu wanda ya gwada, saboda haka babu ranar da zan iya wanke kaina.

Daga baya na ci gaba da karanta labarin Amurkawa, amma da wani ido dabam. Na lura cewa wasannin da ke kawo kuɗi su aka yi ta faɗi-tashi a kansu, 'yan tsere irina kuwa a wasu jami'o'in rushe ƙungiyoyinsu aka yi don rage kashe kuɗi. Jami'ar Stanford, duk da dukiyarta, ta sanar da soke wasanni 11 a watan Yuli, ko da yake ta fasa a shekarar da ta biyo. Na kuma lura cewa wannan shekara ta sa an ƙara jin kunyar kiran waɗannan yara 'yan sha'awa, alhali an dawo da su fili sauran ɗalibai na karatu daga gida. A watan Yunin 2021 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin da bai yi wa NCAA daɗi ba, daga 1 ga Yuli kuma aka ƙyale ɗalibi ya ci kuɗi da sunansa da hotonsa. Tambayar da Kawu ya yi mini a bakin ƙofa, ashe su ma ita ke gabansu.

Mu dai an janye yajin aiki a ƙarshen Disamba, muka koma aji a farkon 2021. Gasar NUGA ba a yi ta ba sai a watan Maris na 2022, a Jami'ar Legas. Kafin nan aka yi gwajin zaɓen waɗanda za su wakilci jami'armu. Na gama cikin minti 2 da daƙiƙa 4, na zo na uku, bayan wasu yara biyu 'yan aji ɗaya waɗanda lokacin kulle suna sakandare. Baba Koci ya dubi agogonsa, ya dube ni, ya dafa kafaɗata bai ce uffan ba.

Duk da haka na je kallo, kuma Kawu ya ce zai bi ni, wai yana son ya ga abin da ya kusa sa a kai shi asibiti. Bai taɓa shiga jami'a ba sai ranar. Muka zauna cikin rana, ya sa hularsa a gwiwa. Da aka jera 'yan mita 800 na nuna masa na ce wannan shi ne nawa. Aka tashe su, suka zagaya sau biyu, kafin ya gama ɓare goronsa har an gama. Ya juyo ya dube ni ya ce, “Shi ke nan?” Na ce shi ke nan. Ya gutsuri goron, ya miƙo mini ɗaya ɓarin, ya ce in tambayo masa ko za su sake.