Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A hutun ƙarshen shekarar 2024 mun sauka gidan yayanmu a Mararaban Rido, wato unguwar nan da ke bakin hanyar Kaduna zuwa Kachia, kusa da matatar mai. Niyyarmu ita ce mu kammala wani littafi a kan waƙoƙin daka da na niƙa waɗanda muka naɗo daga bakin tsofaffin mata a Kafanchan da kewaye a shekarar 2016, lokacin da muke neman digiri na uku. Muryoyin nan duka, da rubutunsu, da sharhinsu, suna cikin kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya, 'yar gwanjo, wadda muka saya a 2014.

To, sai ga shi abokiyar tafiyar nan tamu ta soma nawa. In muka kunna ta bayan sallar asuba, har mu gama karin kumallo ba ta gama farkawa ba. In muka buga kalma, sai ta yi jim kafin haruffan su bayyana. Muka ɗora wa tsufa laifi, har muka fara lissafin kuɗin sabuwa, alhali albashin malamin jami'a ba ya ɗaukar irin wannan lissafi.

Ɗan yayanmu ne ya kai mu shagon wani saurayi mai gyara a bakin titi. Muka ce masa, "Samari, ta tsufa ne kawai." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, tsufa ba cuta ba ce. Bari mu ji inda ke yi mata ciwo." Bai taɓa sukurdireba ba sai da ya yi mana tambayoyi kamar likita: yaushe nawar ta fara? Tana zafi? Tana ƙara?

Da farko ya danna maɓallai uku, Ctrl da Shift da Esc, sai ga wani allo da ke nuna yadda kowane sashe ke ɗaukar kaya. Ya nuna mana cewa ƙwaƙwalwar aiki, wadda suke kira ram, ta kusa cika. Jigabait 4 ce kacal, ta kuwa ishi Windows 7 ta shekarar 2009 da kwamfutar ta zo da ita, amma mun ɗora mata Windows 10, ga shafukan intanet fiye da ashirin a buɗe, ga manhajojin kashe bairos har biyu kowace na bincikar 'yar'uwarta. Ya ce ram kamar tabarmar shanya take, faifan ajiya kuwa rumbu. In tabarma ta cika, dole a riƙa kai kaya rumbu ana ɗaukowa, lokaci kuwa a nan yake tafiya. Nan muka tuna da abin da masani Niklaus Wirth ya lura da shi tun 1995, cewa manhajoji suna ƙara nauyi fiye da yadda na'urori ke ƙara sauri. Ashe jakin bai canza ba, mu ne muka ƙara masa mangala.

Daga nan ya kara tafin hannunsa a kafar da iska ke fita, ya girgiza kai, ya kwance bayanta. Abin da muka gani ya ba mu kunya. Ƙurar hunturu ta shekara goma ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga, man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke ɗebe mata zafi kuma ya bushe kamar laka. Ya bayyana mana cewa in zafin furosesa ya doshi digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Wato abin da muka ɗauka lalaci ne, dabarar tsira ce. Mu kuwa kullum a kan katifa muke ɗora ta, muna toshe mata numfashi.

Ya share ƙura, ya shafa sabon mai, ya cire manhaja ɗaya. Ta ɗan sake, muka sa hannu aljihu za mu biya. Ya ce, "Ku dakata, Malam." Allon nan na nuna faifan ajiya yana aiki ɗari bisa ɗari, alhali ba mu buɗe komai ba. Ya kara kunnensa, ya ce mu ma mu kara. Muka ji wani ɗan ƙas-ƙas, kamar gara a cikin azara. Faifai ne irin na da, mai juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da allura tana bin fuskarsa. In wani gurbi ya lalace, sai allurar ta yi ta komawa tana maimaita karatu, komai kuma ya tsaya jiranta. Ya buɗe rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa game da kansa, wanda ake kira S.M.A.R.T., sai ga gargaɗi da ruwan ɗorawa.

Ya dube mu ya ce, "Malam, kuna da kwafin abin da ke ciki?"

Muka yi shiru. Mu da muke tsayawa gaban ɗalibai muna kukan cewa adabin baka na bin tsofaffi kabari, ga shi mun tara muryoyin tsofaffin a rumbun da gara ta ci, ba mu da na biyu.

Kwana guda cur aka yi ana kwashe kayan. Washegari ya ce duk sun fito, ban da fayil uku. Biyu rubutu ne da za mu iya sakewa. Na ukun muryar wata dattijuwa ce da ta rera mana waƙar niƙa a zauren gidanta a Kafanchan, tana yi tana dariyar yadda muke riƙe da rikoda. Allah ya yi mata rasuwa a 2019. Baitocin suna nan a littafinmu na rubutu, amma karin muryar da dariyar sun tafi.

Ya sa mana faifan zamani marar allura, wanda ake kira SSD, ya ƙara ram ta kai jigabait 8. Yanzu ba ta cika minti ɗaya ba ta farka. Mun san kwananta ƙidayayyu ne, domin kamfanin Microsoft ya janye tallafin Windows 10 a watan Oktoba na 2025, ita kuwa ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Amma littafin a kanta muka kammala shi.

Watanni kwamfutar nan ta yi tana gaya mana ciwonta da harshen da ta iya, mu kuwa muna tsaki muna zagin tsufa. Ɗalibanmu da ke rubuta kundin digiri, da abokan aikinmu, ga roƙonmu: in taku ta fara nawa, ku fara kwafe abin da ke ciki zuwa wuri biyu, sa'an nan ku bincika dalili. Namu muryoyin yanzu suna wuri uku, ɗaya daga ciki a akwatin yayanmu a Mararaban Rido.