Katin Fim Ɗinmu na Farko

A shekarun da muke ɗalibta a Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, wajen 2010, mun haɗa kuɗi mun shirya wani gajeren fim a kan masu tura kurar ruwa. Tun 1991 aka dawo da fadar gwamnati Abuja, madatsar ruwa ta Usuma na shayar da manyan unguwanni, amma a Nyanya da Karu da wasu sassan Kubwa, mai ruwa ne famfon talaka. Labarinmu na wani saurayi ne da ya baro ƙauye, yake wuni yana kai wa mutane ruwa alhali a ɗakinsa ko na wanka babu.

Da aka gama tace fim, sai maganar talla ta taso. Burinmu mu kai shi Bikin Fina-finai na Zuma, wanda Hukumar Fina-finai ta Najeriya mai hedikwata a Jos ke shiryawa a Abuja, ko kuma bikin ƙasa da ƙasa na Abuja da Fidelis Duker ya kafa a 2004. Kuɗin babbar fosta ba mu da shi. Abin da aljihunmu zai ɗauka shi ne ɗan kati irin na gidan waya, milimita 105 a faɗi da 148 a tsawo, wanda za a miƙa wa mutum hannu da hannu. Ni aka ɗora wa tsara shi, don ni ne na ɗan iya CorelDraw.

A nan gardama ta kaure. Dukanmu mun tashi da ganin fostocin fina-finan Kano a shagunan haya na kaset, inda ake jera fuskokin jarumai, babba a tsakiya, saura a gefe. Wannan tsari yana da dalilinsa, domin mai saye fuskar da ya sani yake nema. Mu kuwa babu wanda ya san mu. Duk da haka kowa na son fuskarsa ta fito, har da wanda ya riƙe makirfo. Ban ga laifinsu ba, sun sha rana sun kuma zuba kuɗin abincinsu. Sai dai kati ƙarami ne, in ka cusa masa fuska bakwai, ido ba zai san inda zai sauka ba.

Daraktarmu ce ta raba gardamar da tambaya guda: in aka ce a bar hoto ɗaya tak daga fim ɗin nan, wanne ne? Muka koma muna bin fim ɗin sannu a hankali, har muka tsaya a kan hannayen saurayin riƙe da ƙarfen kura, yatsun sun yi kanta, jarkoki masu ruwan ɗorawa a jere a gabansa, can baya kuma dogon gini ya dushe cikin ƙurar hunturu. A ranar ne muka fahimci abin da fim ɗinmu yake faɗa, bayan watannin da muka yi muna ɗaukarsa. Sunayen kowa da kowa muka mayar bayan kati, tare da jimla biyu na labari, da tsawon fim, da wurin nuni, da lambar waya.

Sauran karatun a Garki na same shi, a rukunin shagunan UTC da ke Area 10, inda a lokacin masu bugun katin biki da kalanda da fostar 'yan siyasa suka yi sansani. Ƙarar janareta da warin tawada ne ke fara tarbar ka. Wani dattijo mai maɗaba'a ya sa filashina a kwamfuta, ya duba aikin, ya ce, "Yaro, kalar allo daban, kalar takarda daban. Allo da haske uku yake aiki, injina da tawada huɗu. Wannan ruwan ɗorawar in ba a gyara ba, za ta fito kamar kunun da ya kwana." Na ce, "Baba, to yaya za a yi?" Ya jawo mini kujera. Ya nuna mini yadda ake ƙara milimita 3 na hoto a kowane gefe, don kada wuƙar yanka ta bar farin layi, da yadda ake janye rubutu daga bakin kati. Ya ba ni takardu na shafa da yatsa, muka tsaya a kan mai kauri, mai nauyin giram 300.

Akwai kuma matsalar haruffanmu masu ƙugiya. Yawancin salon rubutun da ke kwamfutocin wurin ba su da ƙ da ɗ da ɓ, shi ya sa ake buga Hausa a guntule. Mun ƙi yarda da haka. Da hannu na zana kowace ƙugiya a kan harafinta, dattijon yana duba mini daidaito, domin fim ɗin da ya girmama mai ruwa bai kamata ya wulaƙanta harshensa ba.

Mun raba katin a makaranta da tashar mota da harabar Cibiyar Al'adu ta Cyprian Ekwensi. Wanda ka miƙa wa kati sai ka gaishe shi, ka dubi idonsa, ka faɗi labarinka cikin numfashi guda. Wannan horo ya amfane ni fiye da yadda na zata, a duk aikin da na riƙe daga baya.

Yau ɗalibi zai tsara talla a wayarsa da Canva, ya watsa a WhatsApp kafin shayinsa ya huce, kuma ina taya su murnar wannan sauƙi. Roƙona gare su shi ne kada sauƙin ya sa su tsallake tambayar daraktarmu. Kafin ka taɓa kala ko salon rubutu, nemo hoto ɗaya da zai ɗauki nauyin labarinka. In ka rasa shi, koma ɗakin tacewa, fim ɗin ne bai gama nuna ba.